Gangar Bayan Zana

Shafi na 9

Masu aiko min saƙo cewa na bar su a tsaye, na ji, ga tabarma a zauna. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga inda muke. Gusau ce, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Attahiru mai sayar da taki ya ɗauko mahaifiyarsa daga Wanke bayan ta fita takabar babansa, Mahadi makaɗin noma. Iya ta yi rani guda a birni, ƙafarta mai ciwo ta lafa, sai ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta koma, gidan da babu kowa a cikinsa sai kaji da rumbu. Motar Manu direba za ta biyo ta ɗauke ta bayan azahar. Attahiru kuwa ya ƙudura a ransa ba za ta hau motar nan ba, kuma duk makamansa suna cikin kwalaye a tsakar falo.

*

"Malam Attahiru, ka zaɓi guda," in ji Labbo mai gyaran rediyo, waya naɗe a wuyansa, sukudireba a bayan kunne. "Kiɗi kaka so, ko fim?"

"Duka biyu."

"Duka biyun ba su zama ɗaki guda sai da dabara."

"To don mi nit taso ka tun daga Sabon Gari? Don ka sha man shayi?"

Labbo ya kwashe da dariya, ya kurɓe sauran shayin, ya miƙe. Shi dai a ba shi fili ya yi bayani, ko bai ci komai ba ranar ya ƙoshi.

"Kiɗi, sifika biyu yaka so. Manyan ga. Guda dama, guda hagu, duka ga gaba, kai kana zaune tsakiya suna kallonka. In anka daidaita su, sai ka ji mawaƙi tsaye nan tsakaninsu, kamar ka miƙa mai hannu."

"To fim fa?"

"Fim biyar. Manyan biyu suna nan inda suke. Wannan mai kwance ya hau bisa talabijin, shi ad da magana. Ƙananan biyu kuma su koma bayanka. In ana ruwa cikin fim, wallahi sai ka ɗaga kai ka dubi rufinka."

Ya shafa amfilifaya, ya nuna wani maɓalli da farcensa mai baƙin mai.

"Ga dabarar. Ka danna nan, biyu. Ka danna nan, biyar. Ko Iya ta iya."

Attahiru ya ji daɗin maganar nan har cikin ransa. Ko Iya ta iya. Ai don ita aka yi abin gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallon kayan, baƙaƙe wuluk, na hannu ne amma ko ƙwarzane babu, sai ya ji kamar tuni motar Manu ta wuce ba ta tsaya ba.

Akwai abin da Iya ba ta sani ba, kuma ku zan faɗa muku tun yanzu. A ƙarƙashin babban kushin, cikin leda, akwai kaset ɗin bidiyo. Aminu mai ɗaukar hoton biki a Tsafe ne ya ɗauka a wata gayya, daminar ƙarshe da Mahadi ya rataya ganga. Attahiru ya sha zirga-zirga kafin a tono masa shi. Ranar da ya kalla a shagon Aminu ya fito idonsa jawur, ya ce hayaƙin janareta ne. Lissafinsa mai sauƙi ne: in Iya ta ga mijinta yana motsi, ta ji gangarsa ta kewaye ta ta ko'ina, to me kuma za ta je nema a Wanke?

"Yanzu sai a matsar da kabet ɗin can," in ji Labbo, yana nuna bangon baya. "Wurin ƙananan sifiku ya tare."

Kamar daga sama suka ji muryar Safiya, matar Attahiru, daga bakin ƙofa.

"Wane kabet?"

"Na gilashin nan, Hajiya."

"Ban je ba tukuna, kira ni Safiya. Kabet kuma ba ya matsawa."

"Ai ɗan taku guda..."

"Ko rabin taku. Innata ta jera tangaran ɗin nan da hannunta. Yau da safe na goge gilashin da toka da jarida har hannuna ya yi tsami. Ku rataya sifikunku a wuyana in kun rasa wuri."

Labbo ya dubi Attahiru. Attahiru ya dubi silin, don ya san wannan shari'ar an yanke ta tun kafin a shigar da ƙara. Ƙarshenta aka yi sulhu: kabet ya zauna daram inda yake, yana fuskantar talabijin, sifika guda a damansa, guda a hagunsa, a rataye a bango.

Attahiru na bisa kujera yana buga ƙusa Iya ta shigo da sallama, tana ɗan ɗingisawa, carbi a hannu, ƙunshin kayanta a hammata. Tun safe ko bayan gida za ta zaga da shi take tafiya. Ita ta haifi ɗanta, ta san zai iya ɓoye shi ya ce ɓera ne.

Labbo ya durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau, ɗan nan. Kai anka ɗauko ka cika muna ɗaki da igiyoyi?"

"Ni ne, Inna."

"Allah shi taimaka."

Ta ɗaga kai ta dubi Attahiru, ta girgiza kai.

"Kai dai har hurhura ta kusa ba ka bar hagun ga ba. Na bugi hannun ga har nig gaji. Ban san inda kag gado shi ba. Gidanmu babu bahago, ubanka ko da dama yaka komi."

Attahiru ya yi dariya da ƙusa a baki. Ya ɗauka tsokana ce irin ta Iya, don duk Wanke an san hannun da Baba ke kiɗi da shi.

Hantsi ya yi sosai kafin a gama. Labbo ya bi wayoyi ta gindin bango ya danne su da ƙananan ƙusoshi, ya ja kushin mai zaman mutum ɗaya ya ajiye shi daidai tsakiya, ya matsar da shi gaba, ya dawo da shi baya, ya zauna ya rufe ido ya tafa hannu, ya sake matsarwa. Safiya na tsaye tana kallonsa tana danne dariya da gefen mayafi.

"Nan ne," in ji shi a ƙarshe. "Duk wanda yaz zauna nan, shi as sarkin ɗaki."

Attahiru ya goge hannu a riga, ya matso kusa da mahaifiyarsa, ya rage tsawo.

"Iya, ara man kaset ɗin Baba."

Ta ƙara matse ƙunshinta.

"Na ɗaure shi."

"A kwance. Waƙa guda, Iya. Ki ji shi cikin abin ga kafin mota ta zo."

"Rediyona mi yay yi?"

"Rediyonki shina shaƙe Baba kamar mai mura."

Ta harare shi, amma bakinta ya ɗan motsa. Ta zauna a ƙasa, ta kwance ƙulli, ta zaro kaset ɗin daga cikin wani tsohon ɗankwali. Ya sha hannu har rubutun jikinsa ya goge. Shi ne abin da take saurare kullum a ɗakinta da ɗan rediyonta mai batir, ƙofa a rufe.

Da ƙyar aka lallaɓa ta ta hau kushin ɗin tsakiya. Ta ɗosana a bakinsa kamar wadda ta zo gaisuwa gidan surukai. Labbo ya saka kaset, ya danna biyu.

Shuuu na ɗan lokaci.

Sai ganga ta faɗo.

Jama'a, ko Labbo da ya haɗa abin sai da ya ja da baya. Ba ƙara ba ce, a'a, cika ce. Kana jin fatar gangar, kana jin zaren da ke karkarwa a bayanta, kana jin numfashin da Mahadi ke ja kafin ya ɗaga murya ya kira manoma da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Yana nan tsaye tsakanin sifikun biyu, yadda Labbo ya yi alkawari. Tsigar jikin Attahiru ta tashi. Ya juya da murmushi har kunne don ya ga fuskar Iya.

Iya ta sauka daga kushin.

Ta ja ƙafarta mai ciwo, ta zagaya bayansa, ta zauna a ƙasa, ta jingina da bayan kushin ɗin. Ta ba sifiku baya, ta ba talabijin baya, ta ɗora ƙunshinta a cinya.

Murmushin Attahiru ya bushe a fuskarsa.

"Iya, ya yi ƙara ne? A rage?"

Ta gyara ƙunshin a cinyarta.

"Iya, ga wurin zama can. Nan ba a jin komi daidai."

"Nan ya yi man."

Ya miƙa hannu ya kashe. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kukan tattabarun maƙwabta. Labbo ya fara tattara guntayen wayar da ba su buƙatar tattarawa.

Ran Attahiru ya sosu, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya ji ciwo ƙwarai. Mutum ne mai sanyin hali, amma ya daɗe yana ɗawainiyar wannan rana. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta.

"Iya, in laifi niy yi miki, ki hwaɗa man."

"Ba ka yi man komi ba."

"To mi ya sa? Na kawo ki asibiti, kin ce gida. Na gyara miki ɗaki, kin ce gida. Yau na kawo miki Baba har tsakar falo, kin ba shi baya gaban baƙo."

"Attahiru," in ji Safiya a hankali.

"Bari in hwaɗi, Safiya. Wa ag gare ta Wanke? In ƙahwar ga ta tashi cikin damina, wa za ya ɗebo mata ruwa? Kaji? Iya, in zama da mu ne ba ki so, ki ce ba ki so, in sani."

Yana gamawa ya sunkuyar da kai don kunya.

Iya ta ja carbi. Sannan ta dubi Labbo.

"Ɗan nan, kai ɗan wa ne?"

"Ɗan Abdu mai gyaran keke, Inna."

"To zauna. Wanda yaj ji rabin magana shi ka ɓata ta gari."

Labbo ya zauna a inda yake tsaye.

"Attahiru, ka taɓa ganina wurin kiɗin ubanka?"

Ya buɗe baki zai ce sau nawa, sai ya tsaya. Ya lalubi ƙuruciyarsa kaf. Ga shi a gayya yana bin bayan Baba da gorar ruwa. Ga shi a bikin kaka. Ga matan gari sun kawo fura bakin gona suna guɗa. Ya duba cikinsu ɗaya bayan ɗaya, babu Iya.

"Ai... kina gida. Kina aiki."

"Matan da sunka zo ba su da aiki?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ban taɓa ganin ubanka shina kiɗi ba. Ko sau guda."

Safiya ta dafe ƙirji.

"Iya! Duk zaman nan?"

"Duk zaman nan, ɗiyata."

Ta gyara zama, ta miƙe ƙafar mai ciwo.

"Kun san babana liman ne Bungudu. Ubanka ya zo kiɗin gayya garinmu, nij ji shi daga cikin gida. Bayan nan ya zo ƙohwarmu neman ruwa, ni anka aika. Shi ke nan. Da manema sunka taso nic ce in ba mai gangar Wanke ba, a bar ni in tsuhwa gida."

"Iya, ke?" in ji Safiya, ido waje.

"Ni ɗin. Kin ɗauka da carbi anka haihe ni?"

Labbo ya tuntsire, ya yi maza ya toshe baki.

"Malam bai yi man dole ba, bai ko hana ni ba. Ya kira ni zaure yac ce, mutumin kirki ne, na bincika. Amma ɗiyar liman ba ta tsayawa gaban ganga. Ki auri mutumin, idonki kada shi ga kiɗinsa. Kin ɗauka? Nic ce na ɗauka."

"Shi Baba ya sani?"

"Gabansa anka yi. Shi ya sa gangarsa ba ta taɓa wuce zaure ba. Ba ka lura ba?"

Ya lura. Yana yaro ya ɗauka don kada awaki su ci fatar ne.

"In gayya ta biyo gonakin bayan gida, sai in ɗauko aikina in jingina da zana, in ba gona baya. Shi ko ya san ina nan. In ya kawo daidai zananmu sai shi tsaya, shi daɗe, manoma su yi ta gaba shina nan shina bugu. Mutane su ce Mahadi ya gaji. Ba gajiya ba ce."

Ta yi ɗan murmushi ita kaɗai.

"Ni ta ƙeya nis san kiɗinsa. Yanzu ka aza man shi ga gaba, ka ce in zura mai ido. Ban iya ba, Attahiru. Jikina bai iya ba."

"Amma Iya, Malam ya rasu tun ina goye."

"Shi yar rasu. Ni da nid ɗauki alkawarin ina nan."

Attahiru ya zame ya zauna dirshan. Sai yanzu ya tuno ɗan rediyon nan nata. Duk ranar da ya leƙa ɗakinta, a kan taga yake samunsa, ita kuma tana ƙasa ta jingina da bango, fuskarta na kallon ƙofa. Ya sha cewa a ransa tsufa ne.

"Shi ya sa kika son komawa," ya ce a hankali.

"Zanan na nan. In nij jingina da shi da la'asar, sai in ji kamar yanzu za ya taso daga gonar gabas. Ku nan birni komi kuka so sai kun aza shi gabanku."

Kunya ta rufe shi, tausayi kuma ya bi bayanta. Ga uwarsa, ya ɗauka ya san ta ciki da waje, ashe akwai ɗaki guda a rayuwarta da bai taɓa leƙawa ba. Ya share ido da bayan hannu. Sai kuma ya zabura ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Labbo, ɗauke kushin ga."

"Wane? Na sarkin ɗaki?"

"Shi. Safiya, kawo tabarma da matashi. Kawo akwatin nan na ƙarfe ta jingina."

"Malam Attahiru, in ta zauna haka ɗaki ya juye hwa. Gaba ya koma baya, dama ta koma hagu."

"To shi juye. Ɗakin wa ne?"

Aka shimfiɗa tabarma daidai inda Labbo ya auna, aka girka akwati, aka jingina matashi. Iya tana ta cewa ku bar wahalar da kanku, mota na tafe, amma da Safiya ta kama hannunta ba ta ƙi ba. Ta zauna, manyan sifiku a bayanta, kabet ɗin tangaran a gabanta.

"Danna biyar," in ji Attahiru.

"Kiɗi biyu yaka..."

"Labbo."

Labbo ya danna biyar.

Ganga ta taso daga bayan Iya. Ƙananan sifikun nan na gefen kabet kuma suka riƙa maido da amon a hankali, can ƙasa-ƙasa, ɗan bayan bugun kaɗan. Kafaɗun Iya suka sauka. Hannunta ya saki ƙunshin, ya zame gefe.

"Haka yake," ta ce, idonta a rufe. "Haka yake wallahi. In ya buga, sai rumbu shi maido da shi ta gabana."

Labbo ya dubi amfilifaya kamar yau ya fara ganinta.

"Ƙara kaɗan, ɗan Abdu."

Ya ƙara.

Suka zauna su huɗu suna saurare. Safiya ta shiga ta fito da fura a kwanon sha, Iya ta karɓa ba ta buɗe ido ba. Wurin da Mahadi ya kira wani malalacin manomi ya ce kunyar nomansa ta karkace kamar hanyar mashayi, ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce ai mutumin nan har ya mutu bai yafe ba. Tun da aka yi rasuwa Attahiru bai ji wannan dariyar ba. Ransa ya yi fari ƙal. Ko a nan aka tsaya, shi kam ya ci riba.

Amma kaset ya ƙare, ya yi ƙas, kuma daga masallacin unguwa aka kira azahar.

Bayan an idar da salla suka dawo falo. Iya ta koma kan tabarmarta, amma ta jawo ƙunshinta, ta fara naɗe kaset a cikin ɗankwali.

"Allah shi yi maka albarka, Attahiru. Na ji daɗi. In na zo ganin likita sai ka sa man."

In na zo. Ya dubi kushin ɗin da leda ke ƙarƙashinsa. Safiya ta gane, ta girgiza masa kai, ta ƙifta ido, ta sake girgizawa. Ya san gaskiyarta. Amma bai taɓa yi wa Iya ɓoye-ɓoye ya kwana lafiya ba.

"Iya, akwai wani."

"Wani mi?"

"Wani kaset. Na gayyar Tsafe, ta ƙarshe. Akwai waƙoƙin da babu cikin naki."

Hannunta ya tsaya a kan ƙulli.

"Wadda yad dawo muryarsa ta dishe?"

"Ita. Amma Iya... na bidiyo ne. Da hoto. Shi niy yi niyyar nuna miki, ban san da alkawari ba. Ki gahwarce ni."

Iya ta dubi carbinta.

"Hoton ta ina yaka hitowa?"

"Ta talabijin. Bayanki."

"Sautin fa?"

"Inda kika ji na ɗazu."

Ta sauke numfashi.

"Ranar da yad dawo daga Tsafe yac ce man ya yi wata sabuwa, za ya yi man ita bayan zana in gero ya yi kai. Bai kai ba."

Ta ɗago kai.

"Ido niy yi alkawari da shi," ta ce. "Ban yi da kunne ba. Sa. Ku ku kalla, ni in ji."

Attahiru ya zaro ledar. Labbo ya karɓa ya tura kaset cikin bidiyo, ya kunna talabijin. Rana ta haske fuskar talabijin ɗin, ba a ganin komai sai fari.

"A saki labule," in ji Labbo.

Safiya ta saki labulen taga, ta tura ƙofa. Falo ya yi duhu-duhu, hoto ya fito tar.

Ga gona shar, ga layin manoma sun duƙa, garemani na tashi suna sauka tare. Ga Baba a bayansu, da 'yar shararsa da hular da ta sha rana, ya rame amma yana taku kamar saurayi. Attahiru ya cije leɓe. Ganga ta cika ɗakin, muryar ta fito a dishe, mai daɗi, da wata waƙa da babu wanda ya taɓa ji a gidan.

Iya na jingine da akwati, ta ba talabijin baya, idonta a rufe gam, leɓunanta na bin amshi tun kafin ta san shi.

Piiip! Piiip!

Hon ɗin a-kori-kurar Manu ne a ƙofar gida.

Iya ta buɗe ido.

Ba ta juya ba. Allah ya sani ko wuyanta ba ta motsa ba. Gabanta kawai ta kalla, inda kabet ɗin Safiya yake tsaye, gilashin nan da aka goge da toka da jarida.

A cikin gilashin, tsakanin jerin tangaran, ga gona. Ga manoma. Ga Mahadi ya tsaya cak ya bar layi ya yi gaba, ya karkata kai, ya ɗaga gular kiɗa sama.

Safiya ce ta fara ganin abin da ya faru. Ta toshe baki da hannu biyu.

"Innalillahi... Attahiru, gilashi!"

Attahiru ya waiwaya. Ya yunƙura zai kashe talabijin, ya yi tuntuɓe da waya. Labbo ya fizgo mayafin kujera zai rufe kabet.

Iya ta ɗaga hannu ɗaya.

Duk suka tsaya.

Piiip!

"A hito da kaya!" Manu ya ƙwala daga waje. "Hadari na haɗuwa, ina da sauran mutane!"

Ba ta ko ƙifta ba. Hawaye na bin kuncinta suna ɗiga a kan ƙunshin da ke cinyarta, hannunta ɗaya a kan ƙullin, ba ta ɗauka ba, ba ta kuma ture ba.

"Iya," in ji Safiya, "Manu na jira. Mi za a ce mai?"

"Attahiru."

"Na'am, Iya."

Idonta na kan gilashin.

"Ashe da hagu ubanka ka kiɗi?"